Sassaƙa Mai Tudu a Jikin Sandar Hannu: Tambayoyi da Amsoshi

Sandar hannu abokiyar tafiyar dattijo ce, ita ce kuma cikon kwalliyar basarake da mai sarauta a ranar hawan sallah. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda masu sha'awar koyon sassaƙa da masu son sayen sanda a Bauchi da kewaye suka fi yawan yi. An amsa su ne bisa ra'ayi guda: duk adon da zai raunana sanda bai cancanci a ɗora mata shi ba.

Mece ce sassaƙa mai tudu, kuma da me ta bambanta da zanen da aka saba gani a jikin sanda?

Ado iri uku ake yi wa sanda da wuƙa ko da wuta. Na farko tsaga ne, wato a bi jikin itacen da bakin wuƙa a ja layuka, zanen ya kasance shi ne ya nutse. Na biyu ƙuna ce, irin wadda ake yi wa ƙwarya da ƙarfe mai zafi, inda baƙin wuta ke fito da fasalin. Na uku shi ne mai tudu, kuma aikinsa akasin na farko ne: ana barin zanen a inda yake, sai a sassaƙe filin da ke kewaye da shi a saukar da shi ƙasa, har zanen ya taso yadda ɗan yatsa zai ji shi ko a cikin duhu. Wannan ya fi sauran biyun cin lokaci nesa ba kusa ba, domin itacen da ake cirewa ya fi wanda ake bari yawa, kuma dole filin da aka saukar ya zama bai ɗaya a ko'ina. Abin da ke fito da kyawunsa shi ne inuwar da gefen tudun ke jefawa a kan filin idan haske ya zo daga gefe.

Wane itace ne ya fi dacewa?

Ana neman itacen da ya haɗa hali biyu waɗanda ba kasafai suke haɗuwa ba: ya iya ɗaukar nauyin mutum ba tare da ya karye ba, kuma jikinsa ya kasance a cure yadda ƙaramin tudu ba zai ɓalle ba idan wuƙa ta bi ta gefensa.

A cikin itatuwan da ke ƙasar Bauchi, kanya ce na fi fifitawa. Jikinta a cure yake, tana karɓar ƙananan layuka da tsafta, gara ba ta cika damunta ba, kuma tana yin sheƙi idan hannu ya daɗe yana shafarta. Aduwa ma tana da kyau ƙwarai, kuma ba banza ba masassaƙa suka daɗe suna yin allon karatu da ita. Launinta fari ne mai ɗan rawaya, saboda haka inuwar tudu tana fitowa sarai a jikinta, sai dai samun reshenta miƙaƙƙe mai tsawon sanda yana da wuya. Marke yana da ƙarfi da nauyi, amma yana da saurin tsagewa wurin bushewa idan ba a lallaɓa shi ba. Ƙirya, wadda ake yin turmi da taɓarya da ita, ta fi su duka tauri. Sandarta tana iya wuce mai ita ta kai ga jikoki, amma tana dakushe wuƙa cikin ɗan lokaci, kuma ba itacen mai koyo ba ce. Maɗaci yana da sauƙin yanka da jan launi mai kyau, sai dai jijiyarsa tana sauya hanya ba zato, ta yadda yankan da ya tafi sumul a nan zai iya ɓantaro itace a ɗan gaba kaɗan. Dogon yaro ɗan'uwan maɗaci ne a dangin itatuwa, ga shi a kowace unguwa, kuma ƙwari ba sa son sa, don haka ya dace da gwaji da koyo duk da cewa jikinsa bai kai na kanya laushin fuska ba. Magarya da dargaza suna ba da sanda mai juriya wadda ke lanƙwasawa kafin ta karye, amma yawancin rassansu sirara ne, ado kaɗan suke iya ɗauka.

Kuka da rimi da gurjiya ba su da ƙarfin da za a dogara da su. Gora kuwa, wadda makiyaya ke riƙewa, ƙarfinta yana fatarta ta waje ne, kuma sassaƙa mai tudu wannan fatar take cirewa. Gora sai dai a yi mata ƙuna ko a naɗa mata fata.

Madobiya fa? Ana cewa ita ce sarauniyar itatuwan sassaƙa.

Kyawunta ba abin musu ba ne, amma shi ne ya jawo mata bala'i. An sare ta da yawan gaske a yankunan Taraba da maƙwabtanta ana fitar da ita zuwa ƙasar Sin, har aka sanya ta a rukuni na biyu na yarjejeniyar CITES, wadda ke kula da cinikin tsirrai da dabbobin da ke fuskantar barazana, tun daga farkon shekarar 2017. Wanda ya samu guntun tsohuwar madobiya daga rusasshen gini ko karyayyen gado, ya yi amfani da shi da farin ciki. Amma sare ɗanyar bishiya domin sanda ɗaya ɓarna ce. Haka kuma ba a shiga wuraren da aka keɓe, irin su Yankari da dajin Lame-Burra, da gatari. Sanda ba ta bukatar a kayar da bishiya ko kaɗan: reshe ɗaya miƙaƙƙe da aka yanke da izinin mai gona ya wadatar, kuma bishiyar za ta sake tofo.

Yaushe ake yanke reshen, kuma yaya ake busar da shi?

Ana yankewa ne bayan damina ta ɗauke, lokacin da ruwan jikin itace ya ragu. A zaɓi reshen da ya fi kaurin da ake bukata da ɗan kaɗan, kuma ya fi tsawon da ake so da kamar taƙi ɗaya a kowane ɓangare, domin bakunan biyu su ne ke fara tsagewa, daga baya sai a datse su.

Hunturu shi ne babban maƙiyin ɗanyen itace a wannan yanki. Iskar Disamba da Janairu tana busar da bayan reshe cikin kwanaki kaɗan alhali cikinsa yana nan da ruwa, sai bayan ya tsuke a kan cikin da bai tsuke ba, ya tsage daga sama har ƙasa. Maganin wannan shi ne a rage saurin bushewar. A bar ɓawon a jikinsa, a narkar da kakin zuma ko kyandir a toshe bakunan biyu, sannan a rataye shi a tsaye ko a kwantar da shi a kan abu shimfiɗaɗɗe a cikin ɗaki mai inuwa inda iska ke ratsawa a hankali. Ba a shanya shi a rana, ba a kuma ajiye shi a ƙarƙashin kwanon rufi mai zafi. Ƙa'idar da masu aikin katako suka saba bi ita ce shekara ɗaya ga kowane inci ɗaya na kauri; a busasshen yanayi irin namu lokacin yakan gajarta, amma wanda ya ba reshensa rani guda cikakke bai yi asara ba. Hanya mafi sauƙi ta gane bushewa ita ce a riƙa ɗora shi a kan sikeli lokaci zuwa lokaci, idan nauyinsa ya daina raguwa to ya isa.

Wasu suna sassaƙa ɗanye saboda ya fi taushi. Wannan yana yiwuwa ga turmi da akushi masu kauri, amma a sanda tsagar da za ta zo daga baya tana ratsa tsakiyar zanen ne, ta lalata aikin makonni.

Idan reshen yana da ɗan lanƙwasa, ana iya miƙar da shi?

Ana iya yi. A ɗumama wurin a kan garwashi ko tururin ruwan zafi ana jujjuyawa har zafin ya ratsa ciki, a danne shi a gwiwa ko a tsakanin rassa biyu ya ɗan zarce miƙewa, a riƙe har ya huce. Wannan aiki kafin sassaƙa ake yin sa, domin zafi da dannawa suna ɓalle tudu.

Waɗanne kayan aiki ake bukata?

Gizago, wanda shi ne hannun daman masassaƙi a aikin turmi da kujera, aikinsa a nan ɗan kaɗan ne: rage kauri da fitar da siffar mariƙi. Sauran aikin na ƙananan kaya ne. Ana bukatar wuƙa mai gajeren baki da tsini mai ƙarfi, kurfi mai faɗin baki kamar milimita 3 da wani kamar milimita 6, kurfi mai baki kamar kwalbati domin zagaye gefen tudu, magagari, samfefa mai kaushi da mai laushi, fensir, zare da takarda. Maƙeranmu suna iya ƙera yawancin waɗannan daga tsohon sifirin mota ko tsohon magagari, kuma idan an yi musu ban-ruwa mai kyau suna riƙe kaifi daidai gwargwado.

Abin da ya fi yawan kayan muhimmanci shi ne kaifinsu. Dakusasshiyar wuƙa tana murƙushe jijiyar itace maimakon ta yanke ta, tana sa a ƙara ƙarfi, kuma ƙarin ƙarfin ne ke sa ta kuɓuce ta shiga tafin hannu. A ajiye dutsen wasa wuƙa a gefe tare da guntun fata da aka manna a katako, a riƙa goga bakin a kai a kai. Sandar kuma a ɗora ta a kan katako biyu masu tsagar da za ta zauna a ciki, hannun da ke riƙe da ita ya kasance kullum a bayan bakin wuƙa.

Yaya ake tsara zane a jikin abu mai zagaye?

A nan ne masu koyo suka fi tuntuɓe, domin zanen da ya yi kyau a shimfiɗe yakan ƙi haɗuwa idan ya zagayo baya. A naɗa takarda a daidai wurin da za a yi adon, a yanke ta inda bakunanta suka haɗu, sannan a warware. Faɗin wannan takarda shi ne kewayen sandar. Sanda mai kaurin milimita 30 kewayenta yana kusan milimita 94. A ninke takardar gida huɗu ko shida ko takwas, gwargwadon sau nawa ake son fasalin ya maimaita, a yi zanen a cikin gidajen, a mayar da ita jikin sanda a bi layukan da tsinin basilla. Domin layin da ke murɗawa daga sama zuwa ƙasa, zare ko siririn tef ake naɗawa, a daidaita tazararsa da ido da awo, a bi gefensa da fensir. Tun da sanda tana sirancewa zuwa ƙasa, kowane zobe na ado yana bukatar tasa takardar.

Kafin a taɓa wuƙa, a cike da fensir duk wurin da za a cire. Wanda ya tsallake wannan mataki wata rana zai sassaƙe abin da ya kamata ya bari.

Yaya ainihin yankan yake gudana?

A ɗauki misalin dagi, wanda kowa ya sani, inda igiya ɗaya ke hawa kan wata sannan ta shige ƙarƙashin ta gaba. Masassaƙi yana farawa da bin gefen layin da tsinin wuƙa a tsaye, yana nutsa shi kamar milimita ɗaya, babban yatsan hannun hagu yana tura bayan wuƙar yayin da hannun dama ke sarrafa hanya. Wannan yankan tsaye shi ne katangar da ke hana itace tsagewa ya shiga cikin zanen. Daga nan sai ya dawo daga cikin filin, ya kwantar da kurfi, ya tura shi a hankali zuwa katangar, ɗan ɓawo siriri ya naɗe ya faɗi da kansa. Idan ɓawon bai faɗi ba, ba a fizge shi. A koma a ƙara zurfin yankan tsaye. Haka zai riƙa maimaitawa, tsaye sannan kwance, har ya kai zurfin da ya yi niyya, kuma yana zagaya sandar gaba ɗaya a kowane mataki maimakon ya gama gefe ɗaya ya bar sauran.

Wuƙa ko kurfi suna gaya wa mai su hanyar da jijiyar itacen ta bi. Idan yanka ya yi sumul yana sheƙi, hanya daidai ce. Idan baki ya fara nutsewa da kansa, itacen yana ɗagowa a gabansa, to a juya sandar a zo ta ɗaya ɓangaren. Kusa da idon reshe jijiyar tana zagayawa, a nan sai a rage girman abin da ake ɗauka.

Bayan filin ya sauka sai a koma kan mahaɗar igiyoyin. A kowace mahaɗa ana yin ɗan yankan tsaye a gefen igiyar da ke sama, sannan a gangarar da wadda ke ƙasa zuwa gare shi daga ɓangarorin biyu. Abin da ake cirewa bai kai kaurin farce biyu ba, amma shi ne ke sa ido ya yarda cewa igiya ta shige ƙarƙashin 'yar'uwarta. A ƙarshe a zagaye gefunan tudun, a share filin. Ni a ganina, a filin ake gane gwani. Kowa yana kula da zanen da ya taso, amma kusurwoyin da ke tsakanin igiyoyi, inda gashin itace ke maƙalewa, su ne ke nuna wanda ya yi haƙuri da wanda ya gaji ya rufe da fenti.

Zurfin nawa ya kamata a yi?

Wannan ita ce tambaya mafi muhimmanci a duk shafin nan. Idan mutum ya jingina da sanda ta ɗan lanƙwasa, ɓangaren da ya fi ɗaukar wahala shi ne bayanta, wato fatarta ta waje, cikinta kuwa kusan hutawa yake yi. Sassaƙa mai tudu kuma bayan take ci. Injiniyoyi sun nuna cewa ƙarfin sanda mai zagaye wurin jure lanƙwasa yana tafiya ne da kaurinta idan aka ninka shi a kansa sau uku. Ma'anar wannan a aikace ita ce, sanda mai kaurin milimita 30 idan aka zagaye ta da rami mai zurfin milimita 3, kaurin da ya rage a wurin milimita 24 ne, ƙarfinta kuma ya koma kusan rabi. Idan zurfin ya tsaya a milimita ɗaya da rabi, kaurin ya zama 27, kuma kusan kashi 73 cikin ɗari na ƙarfin yana nan. Tudun da aka bari a sama ba ya mayar da abin da aka rasa, tun da an datse jijiyarsa sama da ƙasa.

Saboda haka, a sanda mai matsakaicin kauri, milimita ɗaya da rabi zuwa biyu ya wadatar, kuma wanda yake son ado mai zurfi sai ya fara da itace mai kauri, ya lissafa ƙarfin sandar daga ƙasan ramin. A guji rami mai kaifin kusurwa da ya zagaye sanda gaba ɗaya a layi guda, domin daga irin wannan wuri karaya take farawa. A ɗan zagaye gindin katangar, ko a sa fasalin ya karkata. Kuskure ne a ɗauka cewa zurfi shi ne kyau. Tudu mara zurfi mai tsaftataccen gefe yana jefa inuwa fiye da mai zurfi da aka yi wa yankan gaggawa, kuma ba ya kama hannun riga ko ya ɓalle idan sanda ta faɗi.

A wane ɓangare na sanda ya kamata adon ya zauna?

Wuri mafi dacewa shi ne kashi ɗaya cikin uku na sama, ƙasa da mariƙi, inda sandar ta fi kauri kuma ido ya fi kaiwa. Tsakiyar tsawon sandar ita ce ta fi lanƙwasawa, don haka a bar ta sumul ko a yi mata ado mara zurfi. Ƙasa kuwa tana shan ƙura da taɓo da karo da duwatsu. Inda tafin hannu ke zama a bar shi babu kaifi, in ba haka ba wanda ya yi tafiya daga Wunti zuwa Yelwa da ita zai dawo da kanta a hannu.

Waɗanne fasaloli suka dace, kuma mene ne hukuncin siffar mai rai?

Ba mu da ƙarancin abin koyi. Akwai dagi da sarƙa da igiya murɗaɗɗiya, akwai aska da tambari irin na aikin babbar riga, akwai adon tudu da magina ke yi a bangon zaure da fada, akwai kuma layuka da kusurwoyin da Fulani da Tera da Waja ke yi a jikin ƙwarya a yankin Gombe. Ganye da reshe mai hawa suna dacewa da siffar sanda sosai, domin suna bin tsawonta.

Game da siffar mutum ko dabba, malamai da yawa sun tsananta a kan abin da yake da jiki har yana jefa inuwa. A cikin Bukhari da Muslim an ruwaito cewa wani mai sana'ar yin siffofi ya tambayi Abdullahi ɗan Abbas, sai ya gargaɗe shi, sannan ya nuna masa cewa idan dole ne sai ya yi, to ya yi itatuwa da abin da ba shi da rai. Wannan ne ya sa yawancin masu saye a Bauchi ba sa son sanda mai kan zaki ko maciji a naɗe, ko da yake ana yin irinsu a wasu wurare domin baƙi masu yawon buɗe ido. Wanda yake da shakka a kan wani fasali ya tambayi malaminsa kafin ya ba da aiki. Sandar liman, wadda littafin Risala ya ambaci dogarawa a kanta lokacin huɗuba, ita ma ado mai sauƙi ya fi dacewa da ita.

Rubuta suna ko sarauta da boko ko da ajami abu ne mai kyau, kuma haruffa masu tudu suna daɗewa. Amma ba na ba da shawarar a sassaƙa aya ko sunan Allah, domin sanda tana faɗuwa ƙasa, ana tsallake ta, ana kuma shiga da ita inda bai dace ba.

Da me ake gamawa: mai, launi ko fenti?

Samfefa tana cinye kaifin gefen tudu, don haka a yi amfani da mai laushi kawai, a naɗe ta a tsinke domin shiga lunguna, kuma a rufe hanci saboda ƙurar wasu itatuwa tana sa tari. Kada a koma da wuƙa bayan an goge, domin yashin da ya maƙale yana dakushe ta.

Idan ana son filin ya yi duhu zanen ya haska, akwai hanyar da dukawa suka sani: a shafa ruwan bagaruwa, ya bushe, sannan a bi shi da ruwan da aka jiƙa tsatsattsen ƙarfe a ciki, nan take wurin zai yi baƙi. Sai a goge saman tudun a hankali launin itacen ya dawo. Daga nan a shafa kakin zuma da aka narkar da ɗan man kaɗe, a bari ya shiga, a goge da tsumma da burushi. Man gyaɗa ba ya bushewa, yana yin danƙo yana kama ƙura. Baƙin man inji, wanda wasu ke shafa wa katako saboda gara, bai dace da abin da hannu ke riƙewa kullum ba. Fenti mai kauri da banish mai yawa suna taruwa a lunguna su cike aikin da aka sha wahalar yi.

Yaya ake kare ta daga gara da tsagewa?

Alƙur'ani ya ba da labari a Suratu Saba'i, aya ta 14, cewa abin da ya bayyana rasuwar Annabi Sulaimanu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, shi ne ƙwaron ƙasa da ya cinye sandarsa. Gara daga ƙasa take hawowa, don haka kada a bar sanda a jingine a bangon ƙasa wata da watanni. A rataye ta. Idan aka ga garin itace yana zubowa daga ƙananan huji, ƙwaro ne a ciki, a ɗiga masa kananzir ko maganin ƙwarin katako, a bar sandar a waje har warin ya fita. A sabunta kakin sau ɗaya kafin hunturu, sau ɗaya kafin damina, kuma kada a bar ta a cikin rufaffiyar mota a rana.

Mai ciwon gwiwa ko ƙugu zai iya dogara da sanda mai sassaƙa?

Zai iya, idan an kiyaye zurfin da aka ambata kuma tsawon ya dace da shi. Ya tsaya da takalmin da ya saba sawa, hannuwa a sake, mariƙin ya zo daidai da wuyan hannunsa, yadda gwiwar hannu za ta ɗan lanƙwasa idan ya riƙe. Ana riƙe sandar ne a hannun da ke gefen ƙafar mai lafiya, a kuma sa mata roba a ƙasa saboda santsin tayil da siminti. Mariƙin kwagiri ya fi ƙarfi idan daga mahaɗar reshe ya fito, domin jijiyar itacen tana bin lanƙwasar. Wanda aka yi wa aiki a ƙashi, ko mai jiri, ya bi abin da likita ya ba shi, ya ajiye mai ado domin zaman fada da taro.

Yaya zan gane aiki mai kyau idan zan saya?

A fita da ita haske, a juya ta a hankali. A duba ko fasalin ya haɗu a baya ba tare da an matse shi ba, a shafa filin da ɗan yatsa, a duba ko an cike tsaga da garin katako da gam an rufe da folish. A dafa ta a ƙasa da ɗan nauyi a saurara, kada a ji ƙara. A goga farin tsumma a gani ko launi yana fita. Sannan a tambaya. Mai saye yana iya cewa, "Baba, wane itace ne wannan, kuma yaushe aka yanke shi?" Masassaƙin da ya san aikinsa zai amsa kai tsaye, misali ya ce, "Kanya ce, Alhaji, ta kwana rani guda a rumfa kafin in sa mata wuƙa." Wanda ya kauce wa tambayar ya koma yabon sheƙi, a yi hattara da hajarsa. Idan kuma aiki za a bayar, a ba shi lokaci, kuma a biya shi gwargwadon kwanakin da ya zauna a kai. Matsa wa masassaƙi ya gama ana jibi sallah shi ne ke haifar da ɗanyen itace da ƙazamin fili.

Ana iya sa mata kan hauren giwa?

A'a. An haramta cinikin hauren giwa tsakanin ƙasashe tun shekarar 1989, dokar Najeriya ma tana kare giwa, kuma 'yan giwayen da suka rage a Yankari suna cikin na ƙarshe a ƙasar nan. Ƙahon sa, tagulla, azurfa ko fatar da badukku ya naɗa duk suna ba da kai mai kyau.

Idan wani ɓangare na tudun ya ɓalle, ana iya gyarawa?

Idan guntun yana hannu, kada a taɓa fuskar da ta karye, domin ita ce za ta koma mazauninta daidai. A sa gam ɗin katako kaɗan a ɓangarorin biyu, a mayar da shi, a naɗe da igiyar roba ta tsohon tub ɗin keke, a goge gam ɗin da ya fito tun yana ɗanye, a bar shi kwana ɗaya. Idan guntun ya ɓace, a daidaita wurin da kurfi, a manna sabon guntu na itace iri ɗaya wanda jijiyarsa ta bi hanya ɗaya da ta sandar, ya ɗan fi wurin girma, bayan ya kama sai a sassaƙe shi ya bi sauran. Amma idan tsagar ta ratsa jikin sandar ne a kwance, gam ba zai mayar mata da ƙarfinta ba, kuma bai kamata a sake dogara nauyin jiki a kanta ba.